Sha Takwas ɗin Lubabatu

Ni dai tun da na ɗaga takardarta na ga sha takwas bisa ashirin, jikina ya ba ni akwai lauje cikin naɗi. Lubabatu ɗiyar Baƙo tela! Yarinyar da shekara biyu tana zaune a aji guda, in ka rubuta mata 6x + 9 ka ce ta fitar da abin da suka yi tarayya, sai ta zuba ma allo ido har alli ya jiƙe a hannunta. Ita ce yau za ta ci sha takwas a lissafi? Haba!

A 1992 ne, ina mushen lissafi, wato malami, a wata kolej tsakanin Agiye da Gazawa. Lokacin an saki siyasa, kowane gida da tutar partinsa, maƙwabci ba ya yarda da maƙwabci. Mu malamai kuma wata biyu muna yajin aiki, muka dawo muka tarar da jarrabawar ƙarshen shekara a bakin ƙofa. Dokar lakol, wato makaranta, a fili take: wanda ya maimaita aji ya sake faɗuwa, an kore shi ke nan. Lubabatu kuwa tana kan maimaici, wannan jarrabawa ce za ta riƙe ta ko ta fitar da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai tambaya ta huɗu ce, wadda na haƙa musu rami a ciki da gangan: (x + 2)(3x − 1) − (x + 2)(x − 5). Sai ka fitar da (x + 2) gefe, sannan ka tuna alamar cirewa tana juya duk abin da ke cikin baka ta biyu, biyar ɗin nan ta koma ta tarawa. Ɗalibai arba'in da bakwai, har da zaƙaƙurai na gaban aji, duk suka afka. Ita kaɗai ta rubuta 2(x + 2)², tsaf, ba ko gogewa.

Na kuma san inda zan kai zargina. Injin roneyo ɗaya ne a garin, na lakol ɗinmu, shi muke juyawa da hannu mu buga takardun jarrabawa. Ranar Asabar kafin jarrabawa, Baƙo ya shigo buro, ofishin da injin yake, da izinin darakta ya buga takardun taron partinsu. Tawa takardar tambayoyi kuwa a cikin aljihun teburin da ke kusa da injin ta kwana. Ba zan ɓoye ba, partinsa ba nawa ba ne, kuma mun taɓa musu a tasha har aka raba mu.

Na kai wa darakta Musa maganar. Ya ce, "Mushe Zaharaddini, kana da shaida?"

Na ce, "Shaidata shekara biyu da na yi ina koyar da ita. A kira ta allo a gaban ubanta, in ta yi, ni ne maƙaryaci."

Aka kira su ran Laraba. Baƙo ya zo da awon ɗinki rataye a wuya, ko zama ya ƙi yi. Labari ya riga ya zaga, 'yan aji sun cika tagogi. Na rubuta mata wata tambaya irin waccan, na miƙa mata alli.

Ta rubuta layin farko. Ta waiga ta dubi ubanta, ta dubi tagogi. Ta ce a hankali, "Mushe, a ba ni takarda in gwada tukuna."

Na ce, "Takardar me? Wadda babanki ya kawo miki ba ta nan yau."

Wallahi haka na faɗa, kuma aka yi dariya ta taga. Yarinya ta ajiye allin, hawaye na zuba, ba ta ƙara ko harafi ba. Baƙo ya kama hannunta, ya tsaya daidai gabana ya ce, "Ban taɓa aljihun teburinka ba. Allah ya isa." Suka fita. Darakta ya soke sha takwas ya sa sifili, washegari sunanta ya bi motar Maraɗi zuwa ofishin ilimi cikin jerin waɗanda aka sallama. Ni kuwa har wani daɗi na ji, ina cewa na kama su.

Bayan mako biyu aka ce kowane malami ya share kabad ɗinsa kafin hutu. Ina fitar da tarin takardun gwaji, waɗanda muke buga wa hatimin lakol mu raba a cikin ɗakin jarrabawa sannan mu karɓe, sai na ga sunanta a kan wata. Gaba da baya ta cika da ƙananan rubutu.

Na zauna a ƙasa na bi ta layi layi. Da farko ta afka ramin kamar kowa, ta samu (x + 2)(2x − 6). Sai ta yi abin da ban taɓa koya musu ba: ta sa ɗaya a wurin x. A tambayata ya ba ta sha takwas, a amsarta ya ba ta wani abu dabam. Ta ja layi ta soke. Ta sake, ta sake kuskure, ta sake gwadawa da ɗaya, ta soke. A na uku ta juya alamar biyar ɗin, lissafi ya haɗu, ta kewaye shi da da'ira har biro ya huda takarda. Haka ta yi wa kowace tambaya. Wanda ya kwana da tambayoyi a gida ba ya ɓata hanya sau biyu a kan takarda mai hatimin ranar. Abin da ta roƙe ni a gaban allo ke nan, ni kuma na yi mata ba'a.

Kunya ta rufe ni, har zufa ta keto min. Na ruga wurin darakta. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce jerin ya riga ya samu sa hannu a Maraɗi, zai rubuta musu amma kada in sa rai.

Daga nan na wuce shagon Baƙo a bakin kasuwa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Lubabatu na kan keken ɗinki na biyu tana kalmasa bakin zane. Na ajiye takardar a kan tebur, na ce na zalunce su, su yafe min.

Baƙo ya ce, "A gaban mutane ka faɗa, yanzu ka zo lungu."

Lubabatu ta tsayar da keke, ta jawo takardar ta daɗe tana dubawa.

"Mushe, ta huɗun daidai ce?"

Na ce, "Daidai ce. Ke kaɗai kika ci a ajin."

"Za su mayar da ni?"

Na buɗe baki, na kasa yi mata ƙarya. Ta gane. Ta ninke takardar huɗu ta soke a gefen zaninta, ta mayar da ƙafa kan keken ta ci gaba da ɗinki.