Kurungun Mamman Na Iyo a Rigingine

Tajuddeen ya tattare ƙafar wandonsa don kada laka ta taɓa shi, ya leƙa cikin rabin duron, ya ɗauki hoto na uku. Ƙananan kifaye ne, babu wanda ya wuce tafin hannu, kuma duk sun juyo ciki sama.

Sati biyu ana kai ƙara ofishinsu na kula da kamun kifi a Gusau cewa masunta na zuba maganin ƙwari a gulbi wajen Bungudu. An turo shi ya kamo mai laifi, ga shi tun kafin azahar ya kama. Har ya buga wa oga waya ya yi masa albishir. Mai duron wani dattijo ne, Mamman, wanda ba shi da gona, ba shi da tireda. Hukuncin kuwa sananne ne: a ƙwace koma da gora, a hana mutum shiga ruwa har damina. Direba ya riga ya jefa su bayan mota.

Mamman ya yi bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya ce wannan kurungu ne, kuma irin nan haka Allah ya yi shi. Ƙarƙashin ganye da kututturen da suka faɗa ruwa yake zama, abincinsa a bisa yake, to yaya zai ci in bai juya ba? A dubi cikinsa ma, baƙi ne kamar bayan sauran kifaye, don kada tsuntsu ya hango shi. Sarkin Ruwa Tambaya, da ke tsaye gefe, ya ce hakanan ne, tun kakanni.

Tajuddeen ya yi murmushin mai digiri biyu. Duka biyun a kan tarwaɗar kwami ya yi su, wadda ake kiwo da abincin buhu, amma wannan bai rage masa komai ba a ganinsa. Ya ce ko ɗan firamare ya san kifin da ya nuna ciki ya gama yawo, kuma ai masunci ba zai tona asirin masunci ba.

"To yallaɓai," in ji Mamman, "ɗauki gawa guda ka kai ma oga shaida."

Tajuddeen kuwa ya naɗe hannun riga ya damƙi mafi girma. Gawar ta yi gurnani, ta buɗe ƙayoyinta uku, ɗaya ta shige tsakanin babban yatsa da manuni ta kulle. Ya yarfe, kifi bai sauka ba. Matan da ke wanki suka bar wankin suka matso.

Mamman ne ya riƙe masa wuyan hannu. Ya ce kada ya ja, ƙayar haƙora gare ta kamar zarto. Ya danna gindinta, ya murɗa kaɗan, ta saki. Ya mayar da kifin duro, kifin ya juya bayansa ƙasa ya ci gaba da harkarsa. Aka kawo ruwan zafi a kwano, Tajuddeen ya tsoma hannu yana cije leɓe.

Yana zaune yana tunanin wayar da ya buga. Ba zai koma ya ce wa oga kifi ya fi shi sanin kifi ba. Sai ya sa direba ya sauke koma da gora, ya zaro takarda ya rubuta da hannu mai kumburi cewa bayan matakin gaggawa da jami'i ya ɗauka kifayen sun farfaɗo, an kuma yi wa masunci sassauci bisa alkawarin hakan ba zai sake faruwa ba. Ya karanta a fili, ya miƙo tawada.

Mamman ya dubi takardar, ya dubi duron.

"Ni za ni ɗauki alkawalin, yallaɓai, ko su?"

Ya dangwala yatsa, ya saɓi komarsa ya gangara ruwa.