Tambayar Liman a Kan Gawar Dursun

Da hantsi ladan ya hau lasifika ya ja salati mai tsawo, irin wanda ba a yi sai an yi rashi, sannan ya sanar cewa Dursun ɗan marigayi Halil ya rasu a Beljiyam, gawa ta iso, za a sallace shi bayan azahar. Nazife tana durƙushe a tsakar gida tana wanke zanen gadon surukarta lokacin da sunan mijinta ya ratsa garin. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta matse zanen, ta shanya, ta jawo na biyu.

Miji dai, a suna. Shekara ashirin da shida rabon da ta sa shi a ido. A wannan ƙauye namu na gefen garin Emirdag babu gidan da ba shi da ɗa a Beljiyam, amma 'ya'yan mutane sukan dawo da bazara a cikin manyan motoci, su ɗauki matansu ko su bar musu ciki. Dursun wata takwas ya yi da amaryarsa ya tafi, ya leƙo sau biyu, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Auren kuwa na liman ne kawai, ba a yi takardar gwamnati ba, don haka babu alƙalin da zai saurare ta. Mahaifinta ya yi ta aike har ya gaji ya mutu: ko Dursun ya zo ya ɗauki matarsa, ko ya sawwaƙe mata. Kullum amsar ta bakin wansa Rifki take fitowa, kuma kullum iri ɗaya ce: ya ce matarsa matarsa ce, ba zai sake ta ba.

Haka ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Hamdi mai injin niƙa ya jira ta shekara uku, da ya ga ba haza ya auri wata, yanzu har ya ga jika. Ita kuwa Nazife, maimakon goyo, Inna Sati uwar Dursun ta samu, wadda ƙafafunta suka mutu tun shekara ta biyar da tafiyar ɗanta. Ita ke ɗaga ta, ita ke juya ta, ita ke kwashe abin da ta yi. 'Ya'yan da tsohuwar ta haifa da cikinta sai dai su zo ranar Juma'a, su sumbaci hannunta, su sha shayi, su yi gaba.

Tun kafin ta gama wankin gida ya cika. Hayriye, yayar mamacin, ta kafa tukunya tana soya garin alkama da man shanu don halawar sadaka, ƙamshin ya game unguwa. Tana juyawa tana kuka, tana kuka tana ba mata umarni. Da ta hango Nazife sai ta miƙa wa wata muciyar, ta taho tana share hannu a jikin zaninta.

"Ke Nazife, wane irin rashin ta-ido ne wannan? Mijinki na kwance a masallaci, ke kina yawo da ɗankwali mai furanni? Cire 'yan kunnen nan. Takaba ta hau kanki tun ranar da ya cika, wata huɗu da kwana goma, kada in ga kin taka ƙofar gida."

"Takabar wa, Yaya Hayriye?"

"Au, tambayata ma kike yi?"

"Ina tambaya ne don in sani. Ko a hanya na gamu da shi ba zan gane shi ba. Yana da gemu? Ya yi sanƙo? Faɗa mini kamanninsa, in san wanda zan zauna wa."

Hayriye ta matso har numfashinta na dukan fuskar Nazife.

"Ki iya bakinki. Gidanmu kika ci kika sha shekara da shekaru."

"Na ci, na kuma biya da bayana. Je ki ɗaga Inna sau ɗaya ki ji nauyinta, sai mu yi maganar ci da sha."

Duk da haka ta cire 'yan kunnen ta jefa cikin kofin shayi, ta ɗaura farin ɗankwali. Takaba umarnin Allah ce, kuma ita da Allah ba ta da rigima. Rigimarta da bawansa ce, kuma ta san inda za ta same shi.

Kowa a garin ya san abin da ake yi kafin a ɗauki gawa. Ana ɗora akwatin a kan dogon dutsen nan na harabar masallaci, a yi salla, sannan liman ya juyo ya tambayi jama'a sau uku ko sun yafe wa mamaci haƙƙinsu. Sau uku jama'a ke amsawa da sun yafe, yawanci ba tare da sun ma ji tambayar ba, hankalinsu na kan abincin da ke jiransu. Nazife ta daɗe tana juya wannan tambaya a ranta. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, ƙuruciyarta ta tafi a bakin kwamin wanki. Abu ɗaya ya rage mata a duniya wanda babu mai iya ƙwacewa, shi ne amsarta.

Rifki ba wawa ba ne, ya hango abin da take shiryawa. Ya tare ta a zaure tana ƙoƙarin saka Inna Sati a keken guragu, ya rage murya don baƙi.

"Ke za ki zauna a gida. Mai takaba ba ta fita."

"To, Yaya Rifki. Sai ka tura Inna da kanka. In fitsari ya kama ta a hanya, ga tsumma nan a ƙarƙashin kujera."

Ya dubi uwarsa, ya dubi tsumman. Tsohuwar ta daka masa tsawa da 'yar muryarta, ta ce ita sai ta ga an ɗauki ɗanta, kuma babu mai taɓa ta sai Nazife. Rifki ya nuna Nazife da ɗan yatsa.

"Wallahi kika kunyata mu a gaban mutane, sai kin kwana a titi."

Ta gyara wa tsohuwar bargo a gwiwa, ta tura keken.

Harabar ta cika maƙil, har da 'yan Beljiyam da suka rako gawar, da baƙaƙen tabarau da takalma masu sheƙi. Akwatin na kan dutse, an lulluɓe shi da koren ƙyalle. Mata suka tsaya can baya wajen famfunan alwala, Nazife na riƙe da hannun keke. Ta ƙura wa akwatin ido tana jiran ta ji wani abu, ko tausayi ko kewa. Babu abin da ta ji sai ɗaci, ɗacin da ta saba kwana da shi ta tashi da shi.

Liman Nejdet, wanda bai fi shekara biyu da zuwa garin ba, ya yi kabbara huɗu ya sallame. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, yaya kuka san wannan bawan Allah?"

"Mutumin kirki ne," in ji sahu, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da ya bar gari.

"Kun yafe masa haƙƙinku na duniya da lahira?"

"Mun yafe!"

"Ni ban yafe ba."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma maganar ta faɗo daidai lokacin da amsar maza ta mutu, kowa ya ji. Kawuna suka juyo. Liman ya yi kamar bai ji ba, ya sake tambaya da sauri, maza suka amsa da ƙarfi don su danne ta. Ta jira suka gama.

"Malam, na ce ban yafe ba. Ni ce matarsa. Shekara ashirin da shida ya rataye ni, bai riƙe ni ba, bai sake ni ba. Ya je da haƙƙina, mu haɗu a can."

Wuri ya kaure. Hayriye ta yi kanta tana zage-zage, mata biyu suka riƙe ta. Wani dattijo ya ce a fitar da mahaukaciyar nan, wani ya ce mace ma me ya kawo ta nan. Rifki ya ratso sahu fuskarsa ta yi jawur, hannu a sama, sai da liman ya sha gabansa.

"Rifki, sauke hannunka, a gaban gawa kake. Haƙƙinta ne. Ba ni da ikon ƙwace shi, kai ma ba ka da shi." Ya juyo wajen Nazife ya sassauta murya. "Baiwar Allah, ba zan tilasta miki ba. Amma mutumin nan ba shi da sauran bakin da zai roƙe ki. Ki duba."

"Yana da baki shekara ashirin da shida, Malam. Kalma ɗaya na roƙa."

"To shi ke nan. Zan yi ta ukun, duk abin da kika ce, da shi za a binne shi."

A nan ne Inna Sati ta fasa ƙara. Ta damƙi hannun Nazife da yatsunta masu kama da ƙirare.

"Kada ki aika mini ɗa kabari da wannan kaya! Ba shi da laifi! Ya sake ki, Nazife, ya sake ki tun tuni!"

"Inna, yi shiru!" in ji Rifki.

"Ba zan yi ba! Shekarar da aka yi babbar ƙanƙara ya aiko da takarda. Kai ka karanta mini, Hayriye na zaune. Ya ce ya sake ki, a ba ki kayanki, ki je ki yi aure, kada a riƙe ki. Ni na sa ta a murhu." Ta fashe da kuka, majina da hawaye. "In kin tafi wa zai ɗaga ni? Waɗannan? Da sun bar ni na ruɓe a kan gado."

Nazife ta san shekarar. Ita ce shekarar da rufin rumbu ya rufta, shekarar da Hamdi ya turo ƙanwarsa karo na ƙarshe aka ce mata babu hanya. Tana da talatin da ɗaya a lokacin, jininta bai ɗauke ba, da ta haihu. Ta lissafa a ranta: shekara goma sha tara. Shekara goma sha tara tana tsine wa mutum a kan sallaya, alhali waɗanda suka ɗaure ta suna zaune a gabanta tana zuba musu shayi.

Liman ya dubi Rifki. "Gaskiya ne?"

Rifki ya dubi takalmansa. "Uwarmu ce, Malam. Ya za mu yi?"

"Ke fa, Hayriye?"

Hayriye ta ja ɗankwali ta rufe bakinta, ba ta ce a'a ba.

"In haka ne," in ji liman cikin fushi, "matar nan ba matarsa ba ce, babu takaba a kanta, kuma ba ta kasance matar kowa ba tun ranar da iddarta ta cika. Ku kuwa ku nemi abin da za ku faɗa wa Allah." Ya juya ga jama'a, ya yi tambaya ta uku a hankali, kalma bayan kalma. "Kun yafe masa haƙƙinku?"

Wannan karon maza ba su yi gaggawa ba. Suka amsa ƙasa-ƙasa, a warwatse, kowa kunnensa na baya.

Nazife ta dubi koren ƙyallen. Ba sonsa take ba, kuma bai zama mutumin kirki don takarda ɗaya ba. Wanda ya damu da gaske yakan bi sawun saƙonsa. Amma abin da ta riƙe shi da shi ba nasa ba ne.

"Na yafe masa," ta ce. "Ku ɗauke shi."

Aka yi ajiyar zuciya, maza suka sa kafaɗa, akwatin ya tashi daga kan dutse ya nufi ƙofa. Inna Sati ta lalubo hannun Nazife tana son kai shi bakinta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na san zuciyarki. Mai da ni gida, sanyi nake ji."

Nazife ta zare hannunta. Ta juya keken a hankali har ya fuskanci dutsen da aka ɗauke akwatin daga kai, ta taka birki, ta sunkuya daidai kunnen tsohuwar. Ba ta yi raɗa ba, don tana so Hayriye ta ji.

"Dubi wurin nan da kyau, Inna. Ba da daɗewa ba ke za a ɗora a kai, liman zai juyo ya yi tambaya sau uku. Zan zo. Ko ina nake a duniya, zan zo in tsaya a nan."

Ta miƙe, ta bi ta tsakiyar mata suna darewa, ta fita ta ƙaramar ƙofa. Tsohuwar na ta kiran sunanta, Hayriye kuwa na tsaye a gefen keken, ta rasa ta inda ake sakin birkin.