Ranar da Aku Ya Yi Shiru

A gidan rediyon kowa Aku yake ce masa, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo ne. Shekara goma sha ɗaya yana gabatar da shirin hira, kuma ya sha rantsuwa cewa babu mai ba baƙo fili kamarsa.

Sai injiniya ta kawo wata manhaja mai zana murya a allon kwamfuta, don mai sauraro ya tsallaka inda yake so, ba sai ya ji shiri tun daga farko ba. Muryar mai gabatarwa ja, ta baƙo shuɗi. Da aka ɗora shirin Aku, allo ya yi jawur, sai ɗan shuɗi nan da can kamar nama a miyar marowaci.

"Ina baƙon?" in ji manaja.

"Ga shi, ranki ya daɗe," injiniya ta nuna wani ɗigo. "Nan ne ya ce 'to'."

Ofis ya kwashe da dariya, har mai shara sai da ta dafa bango. Manaja ta goge hawaye ta ce, "Laraba in shuɗi bai kai rabi ba, shirin ya koma hannun wani."

Laraba kuwa baƙon da aka samo wani tsoho ne mai gyaran agogo, wanda magana ke yi wa wuya.

"Baba, yaya ka fara sana'ar nan?"

"Da wuri."

Shi ke nan. Harshen Aku ya hau ƙaiƙayi, ya cusa biro a baki ya dantse. Daƙiƙa goma, ashirin, gumi na bin bayansa. Can tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "Agogon babana na fara lalatawa." Daga nan fa labari ya ɓalle, shuɗi ya yi ta malala a allo, injiniya na tsalle a bayan gilashi. Biron ma ya fashe, leɓen Aku ya rine, bai ko sani ba saboda daɗin labari.

Shiri ya tsira. Aku ya sa aka buga masa hoton allon a takarda, ya nuna wa maigadi, ya nuna wa direban bas, ya faɗa gida yana taka rawa.

Matarsa ta daɗe tana kallon takardar.

"Kai ne ka yi shiru minti arba'in?"

"Da ɗaya!"

Ta jawo kujera. "To zauna. Akwai maganar da na fara yi maka shekara tara da suka wuce, ban ƙarasa ba."

Kunya ta kama shi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya zauna.