Fentin Zinariya a Fuskar Maryamu

Mama Nas ba ta wasa da Kirsimeti, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gidanta ya san haka. A ɗakin haihuwa ta yi aikinta har ta yi ritaya, shi ya sa in ta ji mutane sun haukace da zancen ɗinki da takalma da bishiyar roba sai ta ja tsaki ta ce, "Haihuwa fa aka yi. Wa ya taɓa zuwa barka ya tsallake jariri ya tafi yaba labule?"

Adon gidanta ɗaya ne, kuma a tsakiyar falo yake zama, a kan teburin da kowa sai ya kewaya shi kafin ya samu kujera. 'Yan mutum-mutumi ne na katako, tsawon tafin hannu: Maryamu, Yusufu, makiyaya, masana taurari uku, jaki, da komin dabbobi. Marigayi mijinta, malamin makaranta, shi ya sassaƙa su, kuma gaskiya ba gwani ba ne. Jakin ya fi kama da kare, Yusufu kuwa kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Amma da ya zo kan Maryamu sai hannunsa ya nutsu. Ya zana mata idanu a lumshe da ɗan baki a gajiye, Mama Nas kan ce haka mai jego take, ita ta sani.

Akwai ƙa'ida kuma. Komin a wofi yake zama har safiyar Kirsimeti, jaririn yana naɗe a hankici cikin kabad ɗin Mama. Masanan nan uku kuwa ba a ajiye su kusa, tunda daga nesa suka taso. A kan firiji suke fara tafiya. Kullum a matso da su kaɗan, yau bakin ƙofar kicin, gobe kan injin ɗinki, jibi ƙarƙashin taga, ana matsawa ana ba da labarin.

Don jikarta take wannan duka, yarinyar da aka sa wa sunanta, kowa na kiranta Takwara. Tsoron Mama Nas bai wuce ɗaya ba, kada yarinyar nan ta tashi tana zaton ranar haihuwar tsohon nan mai jar hula da farin gemu ake yi. Kuma ta san ta inda ɓarnar za ta shigo: ta wajen surukarta.

Amarya ake ce mata har yanzu, duk da ta daɗe da tsufa a auren Auta, ɗan Mama na ƙarshe. A gidan da ta tashi ba a shiga coci sai ɗaurin aure ko jana'iza. Da girmanta ta yi baftisma, ba ta iya waƙoƙin ba, sai motsa baki. Aikinta kuma shirya tagar gilashi a wani babban kantin tufafi, wato ita ce mai sa wa mutum-mutumi kaya don a tsaya a kalla. Mama Nas ba ta taɓa zaginta ba. Kallo kawai take mata, irin wanda ake yi wa allurar da ta wuce wa'adi.

Bana Auta ya kwaso iyalinsa suka zo kwanan Kirsimeti tun da sauran mako guda. Ran nan Mama ta fita duba wata ƙawarta da ke kwance a asibiti, ta bar Amarya a gida tana hutun aiki. Da la'asar ta dawo, tun daga bakin ƙofa warin fenti ya tare ta.

Falon ya koma wani wuri dabam. An ja kujeru baya, an rataya ƙananan fitilu daga kusurwa zuwa kusurwa, duk sun karkato kan teburin tsakiya. An shimfiɗa wa teburin farin yadi mai sheƙi. A kansa kuwa ga mutanen marigayi a jere, har da masanan da ya kamata a ce suna kan injin ɗinki, an kwaso su an kawo. Dukkansu an feshe su da fentin zinariya daga kai har ƙafa. Babu ido, babu baki, babu shuɗin mayafi. Ba ka bambanta Maryamu da makiyayi sai ta tsayi. A cikin komin kuma ga wata 'yar tsana ta roba, ita ma ta sha zinariya, ta miƙe ƙafafu har sun fito waje.

Amarya na tsaye a gefe, yatsunta duk ƙyalli, tana murmushin mai jiran yabo.

"Sannu da zuwa, Mama. Na ga yara sun warwatsa su ko'ina a gidan, har kan keken ɗinki, na tattaro. Jaririn ne na nema na rasa, sai na..."

"Wa ya aike ki?"

Murmushin ya tsaya.

"Na ce wa ya aike ki? Gidana ne ko kantinku?" Mama Nas ta jefar da jakarta a kujera. Muryar da take tsawata wa masu rakiyar naƙuda da ita ce ta dawo mata, har da ƙari. "Kin ɗauki uwar Ubangiji kin mai da ita abin rataye a mota! Kin ɗauko min 'yar tsanar kasuwa kin kwantar a wurin Mai Ceto! Ɗan maraƙin zinariya ne ya rage, shi ma ki kawo mu yi masa rawa!"

Auta ya fito daga ɗaki da tawul a wuya. "Mama, don Allah a hankali. Ba da mugun nufi..."

"Kai rufe min baki, mijin ta ce! Kana gidan nan aka shafe hannun ubanka, kana can kana minshari."

Da ta tsaya nan da abin ya zo da sauƙi, don har ga Allah an yi mata ɓarna. To amma fushin Mama Nas ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya kira 'yan'uwansa. Ta juyo kan Amarya ta nuna ta da yatsa.

"Ba laifinki ba ne. Wanda bai san mutum ba ai ba zai san fuskarsa ba. Ke ba ki san Yesu ba, ba ki taɓa saninsa ba. Ruwa kawai aka zuba miki. Addu'arki ko rufin ɗakin nan ba ta wucewa."

Amarya ta sunkuyar da kai. Ta goge yatsunta a jikin zaninta, ta shiga ɗaki. A bakin labulen kicin Takwara ce tsaye da kofin ruwan da ta ɗebo wa kakarta, tana kallon wannan tana kallon waccan. Kafin rana ta faɗi Auta da iyalinsa sun loda jakunkunansu a mota. Auta ya durƙusa ya yi sallama, uwar ta kau da kai.

Mama Nas ta tsinke fitilun nan ta dunƙule su, ta wurga 'yar tsanar a kwandon shara. Washegari ta zauna a bayan kicin da tsumma da kananzir, fenti ya ce bai san zancen ba. Ta tafi shagon mai fenti a bakin titi ta sayo wani ruwa mai hawa kai, mutumin yana ce mata ta gwada a ƙasan jakin tukuna, ta yi masa kunnen uwar shegu. Ita da ta wanke jarirai sun fi gashin kansa yawa, shi zai koya mata wanki? Maryamu ta fara ɗauka. Ta jiƙa tsumma ta dirje fuskar da duk haushin da ke cinta, tana dirzawa tana ƙunƙuni, zinariyar na narkewa tana bin yatsunta.

Da ta ɗaga tsumman sai ta ga katako fari fat. Zinariyar ta tafi, idanun da bakin ma sun bi ta. Ashe suna nan lafiya lau a ƙarƙashin fentin, ita ce ta kankare su da hannunta. Garin neman gira ta rasa ido.

Wani zai ce a nan jikinta zai yi sanyi. Ina! Haushin ma ninkuwa ya yi, ta ɗora wannan ma a wuyan Amarya. Ta yi kwana biyu ba ta kira kowa ba, ba wanda ya kira ta. Ranar jajibiri ta saka Maryamu a jaka ta hau mota zuwa kantin, don ta nuna wa yarinyar nan abin da ta jawo, kuma ta gaya mata ko ana ha-maza ha-mata sai an kawo mata Takwara gobe da safe.

Titin ya cika maƙil, masu ledoji suna bangazar juna, lasifikar kowane shago na gasa da ta maƙwabcinsa. Ta hango Amarya cikin gilashi, ba takalmi, fil a bakinta, tana durƙushe tana kama wa wani mutum-mutumi gindin riga. Ta miƙe ta juya wata fitila kaɗan, ta sauko ta duba, ta sake juyawa. Duk kayan tagar farare ne da toka-toka, sai jaka guda ɗaya a tsakiya, ruwan zinariya, fitilu duk a kanta. Mama Nas ta lura ita ma jakar ta fara kallo, ta ji haushin hakan. Ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta.

Amarya ta fito ta ƙofar gefe, inda ake tara kwalaye. Ta rusuna ta gaishe ta, fuska ba yabo ba fallasa. Mama ta zaro Maryamu ta miƙa mata har kusa da hanci.

"Kalli aikinki."

Amarya ta kalla. "Wannan ba feshi ba ne, Mama. Goge ta aka yi."

"Da ba ki fesa ba zan goge ne?"

"Haka ne. Na yi kuskure, da na tambaya." Ta cire sauran fil ɗin daga bakinta ta soke a hannun rigarta. "Kin ga tagar can? Abin da muke so ido ya fara sauka a kai shi muke ba zinariya, mu kashe hasken sauran. Shi kaɗai na iya. Kullum kina cewa a sa Yesu a tsakiya, a sa Yesu a tsakiya. Na ce bari ni ma in sa shi da abin da na sani. Shekara nawa ina zuwa gidanki, kin taɓa zaunar da ni kin ce ga dalilin da ake ɗora masanan nan kan firiji? Takwara kike ja gefe ki gaya wa, ni ki miƙo min wuƙa da albasa."

"To yanzu wa'azi za ki min a bakin shara? Ni ba wannan ya kawo ni ba. Gobe da safe a kawo min yarinya ta kwantar da jaririn a komi, kamar yadda aka saba."

"Ki tambaye ta da kanki." Idanun Amarya suka kawo ruwa, ta share da bayan hannu da ƙarfi, kamar mai jin haushinsu. "Tun tana goye nake mata addu'a kafin ta kwanta. Ban iya dogaye irin naku ba, amma ban taɓa fashi ba. Tun ranar nan in na kama hannunta sai ta fizge. Ta ce in bari, Kaka ta ce tawa ba ta wuce rufi. Jiya babanta yana wurin aiki, haka ta kwanta ba addu'a. Na ce to ta yi da kanta, ta ce ai ni na koya mata, ita ma tata ba za ta wuce ba."

Mama Nas ta mayar da Maryamu cikin jaka.

"Ta yarda da ke, Mama. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne a wurinta. Kin yi nasara."

Daga ciki wani ya ƙwala wa Amarya kira, wai manaja na nemanta. Ta gyara zaninta ta juya.

"Tana ina yanzu?" in ji Mama Nas, da wata ƙaramar murya da ita kanta ba ta gane ba.

"Tana gida." Amarya ta tsaya a bakin ƙofar, ba ta waiwayo ba. "In za ki je, kada ki ce mata wasa kike. Ta san ba kya wasa da wannan."

Ƙofar ta rufe. Mama Nas ta daɗe tsaye a tsakanin kwalayen, masu wucewa na ture ta. Sannan ta tsallaka titi, ta shiga layin masu jiran motar unguwar su Auta, tana ta juya abin da za ta ce wa yarinyar, har motar ta iso ba ta samo ba.