Tulun da Ba Shi da Suna

Tulun na shiga bakin na'urar bincike, jami'ar da ke zaune gaban allo ta ɗaga hannu, aka tsayar da layi.

"Kayan waye wannan?"

"Nawa ne," in ji tsoho Shou Baolin, amma idonsa ba ya wurinta. Ta gilashin zauren tashar yake hangen jirgin ruwan da za su hau, kuma tun da suka sauko daga mota bakinsa bai rufu ba. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa kwalekwale mai baƙar rumfa a magudanan garin Shaoxing na ƙasar Sin, da ƙafa yake juya filafili, mutum huɗu suka fi yawa a ciki. Wannan kuwa bene goma sha shida ne a kan ruwa, fari fat. Ya ƙirga tagogin hawa ɗaya har ɗari da ashirin, lissafin ya ɓace masa. Kwalekwalen ceto guda da ke rataye a gefensa ya ninka nasa sau goma. Wai kuma 'yarsa Wenlan ce mataimakiyar kyaftin a kansa.

Yayarsa Jindi, wadda ta rako shi, ta zungure shi da gwiwar hannu. "Rufe bakin nan, kada ƙuda ya shiga. Magana ake yi maka."

Jami'ar ta kwance tsohon bargon da ya naɗe kayan. Tulu ne baƙi, bakinsa a toshe da busasshiyar laka, ƙasa har yanzu maƙale a gindinsa.

"Kawu, mene ne a ciki?"

"Giyar shinkafa."

"Kowane fasinja kwalba ɗaya aka yarda ya hau da ita, mai hatimin kamfani da takarda a jiki. Wane kamfani ne ya yi wannan?"

"Ni."

"Wace shekara?"

"Shekarar da aka haifi 'yata. Talatin da takwas ke nan."

Ai kuwa kamar ya watsa gero a tsakiyar kaji. Rabin layin 'yan yankinsu ne, masu jajayen hulunan ƙungiyar yawon buɗe ido, kuma babu wanda bai san al'adar ba: ranar da aka haifa wa mutum ɗiya zai binne tulun giya, ba za a tono shi ba sai ranar aurenta. Wani mai tumbi ya haɗa hannuwa ya ɗaga. "Barka, barka! Ashe biki za mu ci a teku!" Jindi ta washe haƙora tana karɓar gaisuwa kamar ita ce uwar amarya. Tun a mota ta yanke wa kanta hukuncin cewa Wenlan ta samu miji, ƙaninta ne kawai ke ɓoye mata don rowar labari.

Baolin ya ji kunya ta rufe shi. Babu wani miji. Kowace Sabuwar Shekara sai ya tambayi Wenlan zancen aure, har shekara uku da suka wuce ta ajiye tsinken cin abincinta ta ce, "Baba, ka tono abinka ka shanye, ka huta, ni ma in huta." Tun daga nan ba ta sake kwana a gida ba. Makon jiya ta aiko da tikiti biyu da saƙo gajere, ta ce an ƙara mata girma, in yana so ya zo ya gani. Washegari da safe ya ɗauki fartanya ya nufi gindin bishiyar bayan gida, bai gaya wa kowa dalili ba.

Jami'ar ta jawo takarda. "Abin da ba shi da hatimi ba ya hawa, ko ajiya ba ma karɓarsa. Sai dai ka bar shi nan, mu rubuta, a zubar. Me zan sa a gurbin suna?"

"Jar Giyar Ɗiya mana!" in ji Jindi.

Baolin ya girgiza kai. Wannan sunan na ranar aure ne. Suna ɗaya ya rage, wanda ake ba giyar in ɗiya ta mutu ba ta yi aure ba: Fure Ya Kaɗe. Ko a zuci bai yarda ya furta shi ba. Kakanninsu ba su bar suna na uku ba.

"Ba shi da suna," ya ce a hankali. "Don Allah, 'yata, kira min Shou Wenlan."

Jami'ar ta dubi tikitinsa, ta sake dubansa, sai ta miƙe tsaye tsam.

Bayan kamar minti goma Wenlan ta iso, cikin fararen kaya, zare-zaren zinare a kafaɗa, hula a hammata. Ma'aikata suna darewa suna ba ta hanya. Baolin ya ga furfura biyu-uku a gefen kanta, abin ya taɓa masa zuciya. Tana tafe da murmushi har idonta ya sauka kan tulun. Nan take fuskar ta ɗaure.

"Ga amarya!" mai tumbi ya yi ihu, layi ya ɗau tafi.

Wenlan ta matso dab da ubanta, ta rage murya. "Baba, wa ka samo min kuma? A wurin aikina? A gaban mutanen da ke ƙarƙashina?"

"Ban samo kowa ba."

"Au, babu miji?" in ji Jindi. "Kai Baolin, ka sa na yi ta rabon haƙori a banza!"

"Yi shiru, Yaya." Ya murza hularsa a hannu. Magana ba ta taɓa yi masa sauƙi ba, ya fi ganewa da ruwa. Ya nuna jirgin da haɓa. "Ranar da na binne shi, babana ya ce min ana tono shi ne ranar da ɗiya za ta shiga gidan da ya fi naka. Ni kuma na zauna ina jiran gida mai ƙofa da suruka. Da saƙonki ya zo, sai na ce ko dai kin daɗe da shiga, ni ne ban raka ki ba." Ya sake duban jirgin. "Amma ban san girmansa ya kai haka ba. Lan-lan, da gaske ke kike juya wannan abu?"

"Ni zan fitar da shi yau," ta ce. Ta juya ta kalli jami'ar, ta kalli tulun. "Ba zai hau ba, Baba. Ni nake sa hannu a kan wannan dokar. In na karya ta don kai, gobe ba ni da bakin hana kowa."

"Ka ji ta ko?" in ji Jindi. "Taurin kan nan daga wurinka ta kwaso shi."

"To a buɗe a ƙasa," in ji Baolin. "Ƙasa ce dama ta riƙe shi."

Wenlan da kanta ta rungumi tulun, laka na ɓata mata farar riga, suka fita farfajiyar tashar, masu jajayen huluna biye da su. Baolin ya tsuguna ya ƙwanƙwasa lakar da bayan wuƙar yanka lemo ta Jindi har ta tsage. Ya ɗaga ganyen badon da ya rufe bakin da shi da hannunsa tun yana da baƙin gashi.

Ƙamshin ya tashi, surutu ya mutu. Wani abu ne tsakanin zuma da busasshen dabino da ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Mai tumbi ya cire hularsa bai san ya cire ba. Baolin ya leƙa ciki. Cike ya binne shi har wuya, yanzu ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, ya yi kauri, ya yi ja mai duhu. Tsoro da mamaki suka kama shi lokaci guda, ganin abin da shekaru suka yi a cikin duhu ba tare da kowa na kallo ba.

Aka samo kofunan takarda. Ya zuba na farko, ya miƙa wa 'yarsa da hannu biyu.

"Ina bakin aiki, Baba. Ko ɗigo ba zan iya ba."

Shekara talatin da takwas giyar na jiranta. Hannunsa ya tsaya a iska, bai san inda zai kai shi ba. Wenlan ta karɓi kofin, ta rufe ido ta shaƙa, ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta tsoma yatsa, ta juya hularta, ta shafa a ciki inda take taɓa goshi, ta ɗora ta a ka.

"Zan tafi da shi sama, ɗakin tuƙi," ta ce. "Ka sha min sauran."

Ya sha. Jindi ta sha tana share hanci, tana cewa ƙura ce ta faɗa mata a ido. Baƙin da ba wanda ya gayyata suka sha kurɓi-kurɓi har tulun ya ƙare.

Da suka dawo ciki, tulun ya wuce na'ura lafiya, tunda babu komai a cikinsa. Jami'ar ta ɗaga takardar. "Ranki ya daɗe, na riga na buɗe ta, dole a cike gurbin sunan kafin a rufe."

Wenlan ta karɓi biro ta rubuta Jar Giyar Ɗiya, ta sa hannu a ƙasa.

Ƙarfe huɗu na yamma jirgin ya yi wata ƙara da Baolin ya ji har cikin haƙarƙarinsa. Yana tsaye a hawa na goma sha biyu, tulun a ƙafarsa. Bai ji motsi ko kaɗan ba, sai dai ya ga tasha tana ja da baya a hankali, ruwan kogi mai launin shayi yana buɗewa tsakani.

Jindi ta bubbuga ƙarfen jirgin da suka jingina a kai. "To, surukin naka dai akwai girma."

Baolin ya ɗaga kai yana kallon dogon gilashin ɗakin tuƙi da ke can gaba, inda wata farar hula ke kai da komo. Ƙafarsa ta dama tana motsi a cikin takalmi, tana tura filafilin da babu, tana taya ta juya kan jirgin.