Kujerar Leonor

…to wai mota ma tana mantuwa? Don Evaristo yana zaune a bayan sitiyari, gwiwoyinsa a tokare, yana juya maganar a ransa. Mota sabuwa fil, ba tari, ba hayaƙi. Layin gwajin hayaƙi na unguwar Iztapalapa ya miƙe har wajen mai sayar da tamale, alalen masara, ga tsofaffin akwalai nan suna ta gurnani, su ne ya kamata a kora. Amma shi aka fitar gefe.

Matar da ke gwajin ta soka waya a ƙasan sitiyari, ta dubi na'urarta, ta dube shi. "Baba, batir kuka cire? Ai ta manta komai. Sababbin nan tambayarsu ake fara yi, ita kuwa ba ta da abin faɗa. Ku ba ta wuta a babban titi, ku je garin Puebla ku dawo, sai ta tuna."

Ya cire kuwa. Ranar da aka gama addu'ar kwana tara ta rasuwar Leonor, matarsa, ya cire batir, ya lulluɓe motar da bargo, don kada wani abu ya taɓu. Don ta zauna yadda aka bar ta. Ashe shi da hannunsa…

Furen jakaranda yana sauka a kan gilashi, ɗaya, ɗaya, shuɗi-shuɗi. Leonor ba ta sharewa, wai ado ne. Mace ta haura sittin sannan ta ce sai ta koyi tuƙi! Shi da ya tsufa yana jan bas, bakinsa bai yi shiru ba ko sau ɗaya — birki, Leo, birki! Gajeruwa, ta jawo kujera gaba har ƙirjinta ya kusa danna hon. "Kai, dogon banza, kada ka taɓa mini kujera. Je ka hau bas ɗinka."

Bai taɓa ta ba. Haka ya zo yau a naɗe, haɓa kusa da gwiwa, masu babur suna yi masa dariya. Madubi ma yana inda ta saita shi, ba ya nuna masa titi, sai kujerar baya da jakar kasuwarta. Carbinta yana lilo. Ƙamshin man hannunta… ko kuwa shi ne ke ƙago shi? Jiya ya fi ƙarfi.

Itzel, 'yarsu, ba muguwa ba ce, gajiya ta yi. "Papa, in wata ya ƙare takardunta ba su fito ba, zan nemo mai saye. Mota ba kabari ba ce." Wata kuwa Asabar zai ƙare.

Puebla. Me ya sa matar nan ta ce Puebla? Can Leonor take ta cewa za ta kai shi, gidan ƙanwarta, ita a gaba, shi a gefe da baki a rufe. Bayan bikin Ista, in ji ta. Bayan Ista… Yana ganin hanyar yanzu, tana hawa cikin itatuwa, hazo yana shafar gilashi, ga dutsen nan mai aman wuta can yana busa hayaƙinsa hankali kwance — shi wa yake gwada shi? — ita kuma tana waƙa ba daɗi, tana riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Kewarta ta danne shi.

Daga gida zuwa nan an lallaɓa. Amma hawan dutse da gangara, manyan motoci a baya, ƙafa a lanƙwashe ba ta kai wa birki da sauri? Tsohon direba ne, ya sani. Ba a yi. In ya bar kujerar yadda take, a sayar da motar. In ya ja ta baya, motar ta zauna, amma wannan ɗan gurbin, daidai tsawon Leonor, daidai inda ƙafarta take kaiwa…

Wani yana danna hon a baya. "Tsoho, barci kake ko addu'a?"

Hannunsa ya sauka ƙarƙashin kujera, yana lalube. Ga ƙarfen matsar da kujerar, da sanyi. Akwai wani abu a naɗe jikinsa — robar ɗaure gashinta, har da 'yan silin furfura.

Ja ɗaya ne kawai. Yatsunsa suna kai. Leo… in na matsar, ina za ki zauna?