Ɓeran da Ya Ƙwace Mini Uba

Ni Hilda, da girmana da hankalina, na yi kishi da ɓera. Ba ma babban ɓera ba, jariri ja-wur, ido a rufe, bai kai ɗan yatsana ba.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, hannunsa na dama ya kwanta a cinyarsa kamar na aro. Ƙafa ta warware, baki ya saki, hannun ne ya ƙi. A asibiti sun ce da sauran rai a cikinsa, ya riƙa tsintar wake ɗaya-ɗaya yana zubawa a kwano. Na ajiye masa waken, na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, ko kallon kwanon bai yi ba. Ga shi tsohon malamin firamare ne da ya ƙare aikinsa yana buge hannun yara masu cin ƙosai da hagu, don haka ya rantse hagunsa ba za ta je bakinsa ba ko yunwa za ta kashe shi. Dole na rufe shagon ɗinkina na dawo gidanmu na Barunde ina ba shi abinci a baki da cokali. Godiya? Baba ba ya godiya. Idan ya ƙoshi kau da kai kawai yake yi.

Da kaka aka kawo masara daga 'yar gonarsa ta Gabukka. Ina zazzage buhu a tsakar gida, yana zaune a tabarma, sai ga sheƙar ɓeran daji ta faɗo. Masara ta danne uwar ta mutu, jariri ɗaya ne yake motsi. Na ɗauko tsintsiya.

"Kar ki kuskura," in ji Baba. "Kawo shi nan."

Ya sa na zaro tsinke daga tsintsiyar, na naɗa auduga a bakinsa, na dama madara. Madarar da nake dama masa ya ƙi sha, ita ce fa. Ya ɗora ɓeran a cinya, ya tsoma tsinken da hagu, amma abin sai birgima yake, madara na shiga masa hanci. Aikin na hannu biyu ne: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya shayar.

"Hilda, zo riƙe mini shi."

"Haba Baba! Ni da nake wanke ka, nake ciyar da kai, yanzu kuma renon ɓera? Wallahi ba zan taɓa shi ba. In kana son abinka ya rayu, ka riƙe da kanka."

Na shige ɗakin girki ina huci, ina leƙensa ta taga. Ya daɗe yana kallon ɓeran. Can ya sa hagu ya ɗago hannun daman, ya buɗe tafin, ya kwantar da jaririn a ciki. Na ga yatsun nan da na yi watanni ina roƙo sun ɗan lanƙwasa sun tare shi. Ya kamata in yi murna. Zuciyata ce ta yi baƙi ƙirin.

Daga ranar gidan ya zama na ɓera. A aljihun rigarsa yake kwantar da shi don ya ji ɗumi. Bayan kowace shayarwa sai ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi yana shafa masa ciki, wai haka uwarsa za ta lashe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, da yarenmu na Tangale yake yi masa magana, a hankali, cikin wata murya mai laushi. Tun rasuwar Mama bai ƙara yin yaren da kowa ba, ni kuwa ban taɓa sanin yana da irin wannan muryar ba.

Maƙwabciyarmu Inna Asta ta leƙo ta ga abin, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Barka, Hilda, ashe an yi miki ƙani! Yaushe suna?"

Na tambaye ta ko kyanwarta na son yawon maƙwabta. Ta ɗauka wasa nake.

Ƙanin nawa dai ya buɗe ido, ya yi gashi ruwan ƙasa, ya fara gaigayar masara. Baba kuma ya sauya hannu: hagu ke riƙo, dama ke ba da tsinke, hannun na rawa amma yana kaiwa. Wata rana ɓeran ya gartsa masa cizo a babban yatsan hannun dama. Baba ya ƙwala ihu, sannan ya fashe da dariya. "Na ji zafi, Hilda! Na ji!" Da ni na mintsine shi, da faɗa zan sha.

Da ɓeran ya ɓula aljihun riga biyu, Baba ya ce lokaci ya yi, na daji ne. Ya taka har bayan katanga inda ciyawa take, ya buɗe tafin hannunsa. Ɓeran ya dira ya shige ciyawa, marar mutuncin ko waiwaye bai yi ba. Na ce a raina, to alhamdulillahi, an bar mini ubana.

Da rana na kawo tuwo da miyar kuka, na zauna inda na saba, na ɗebo a cokali. Baba ya janye kwanon gabansa. Ya wanke hannu, ya yanko loma da dama, ya kai baki. Ya ƙara. Ya ƙara. Ni ina zaune riƙe da cokali, ba mai buƙatarsa. Abu ɗaya da nake yi masa a duniya, shi ma ɓera ya tafi da shi. Hawaye suka cika mini ido.

Sai ya dube ni. Ya yanko wata lomar, ya tsoma a miya, ya miƙo hannun yana rawa, miya na ɗiga a zanina.

"Buɗe baki," ya ce da Tangale, da muryar nan.

Na buɗe. Ina tauna ina kuka, daɗi ya cika ni, haushi ma bai tafi ba. Sai da ɓera ya ƙoshi aka zo kaina.